Yadda za ka mayar da ajiyarka ƙungiyar taimakon kai da kai a Legas

Idan kuɗin ruwa na damun zuciyarka, ɗan'uwa, fara da tambayar 'yan kasuwarku, ko a Agege kake ko Mile 12, wace ƙungiya suka amince da ita.

Sai ka nemi ganin takardar rajistarta da gwamnatin jihar Legas. Kada ka ji kunyar wannan, guminka ne.

Karanta dokokinta a natse: wa ke riƙe da kuɗin, kwana nawa ake jira kafin a cire, kuma bashinsu da ruwa ne ko babu? Wasu na sakawa.

Zuba kaɗan tukuna, ka karɓi rasit kowane zubi.

Kada ka rufe asusun banki nan take. Inshorar NDIC, wato hukumar gwamnati mai kare kuɗin masu ajiya a banki, ba ta shafi ajiyar ƙungiya ba.