Yadda Za Ka Haɗa Sola Mai Araha a Gidanka a Sakkwato

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta kowane dare ya gagari magidanta da yawa a Sakkwato, alhali ranar da ke gasa mu a bazara ta isa ta juya fanka ta kuma kunna fitila. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce mutum ya fara da ƙaramin haɗi, ya riƙa ƙarawa gwargwadon hali.

Kafin ka taka kasuwa, ka lissafa wutar da gidanka ke sha, wato ƙarfin kowace na'ura (wat) a ninka da awannin aikinta, sakamakon shi ake kira wat-awa. Ƙwan LED huɗu masu wat 5 na awa 6 suna shan 120, fanka biyu masu aiki da batir kai tsaye, kowace wat 20, na awa 10 suna shan 400, talabijin mai wat 40 na awa 4 kuma 160. Idan an haɗa da cajin waya, jimilla ta kusa 700, kuma farantin sola mai wat 200 yana iya samar da wannan a yini guda. Dutsen guga da hita da tsohon firji kuwa, a cire su daga lissafi tun farko, domin su ne ke kashe batir.

A kan batir kuɗi suka fi tafiya, a nan ne kuma aka fi yin asara. Batir mai ruwa ba ya jure a zuƙe fiye da rabin cajinsa, saboda haka mai 12V 150Ah (lambobin da ke jikin batir masu nuna ƙarfinsa da yawan cajin da yake ɗauka) ne ya dace da lissafin nan. Na litiyom ya fi tsada, amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ko wanne ka saya, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ka yarda a haɗa shi da faranti ba tare da na'urar daidaita caji ba.

Wajen ɗora farantin, ya fuskanci kudu, a karkata shi kamar digiri 15, a bar tazara tsakaninsa da kwanon rufi. Mutane da dama suna zaton tsananin zafi yana ƙara masa ƙarfi, alhali haske yake bukata, zafi rage masa aiki yake yi. Ƙurar hunturu ita ce ɗaya matsalar, don haka a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sanyin safiya, aƙalla sau ɗaya a mako.

Gidan da ke kiwon shanu yana da wata dama kuma, wato iskar girki da ake samu daga kashin dabbobi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan wannan fasaha da murhun da ke dafa abinci da hasken rana, kuma can ya kamata a nemi shawara kafin a fara haƙa ramin da za a riƙa zuba kashin don ya fitar da iskar.