Mukullin ɗakin shan magani: kurakuran da ake ta maimaitawa bayan an dawo hutu

Duk shekara sai an turo sabbin malamai, kuma duk shekara sai firinsifal ya ɗauki mukullin ɗakin shan magani ya miƙa wa wanda ya fi kowa ƙuruciya a cikinsu, don kawai ya karanta bayoloji. Haka aka yi mini a wata makarantar kwana ta maza a ƙasar Argungu, kuma haka nake jin ana yi har gobe daga Yauri zuwa Kamba. Ana ba ka kwalin farasitamol, da kayan gwajin maleriya, da na'urar auna zafi wadda batirinta ya kusa mutuwa, a ce Allah ya taimaka. Mako biyu bayan dawowa hutu sai wayata ta fara ƙara, tambayar kuma iri ɗaya ce: "Malam, yara sun fara kwanciya, yaya zan yi?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba likita ba ne, abin da na koya a aikace zan faɗa, kuma wani na koye shi da tsada.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne "maleriya ce". Yaro ya zo da zazzabi, ka soka masa ɗan yatsa, layi biyu suka fito, ka ba shi maganin kwana uku, ka rufe littafi. A garinmu mai fadama da shinkafa, yara da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ko lafiyarsu ƙalau. Layi biyun nan sun gaya maka akwai maleriya. Ba su gaya maka ita kaɗai ce ba.

Wata shekara, ana cikin zango na biyu, wajen ƙarshen hunturu, aka kawo mini wani ɗan aji ɗaya jiki rau da zafi. Kwanansa goma ke nan da dawowa daga ƙauyensu. Na gwada, maleriya ta nuna, na ba shi magani. Yana tari, hanci na zuba, idanu sun yi ja, na ce ai ƙurar hunturu ce. Ɗakin shan magani ba fitila, yaron kuma ƙarami ne, yana kukan gida, sai tausayi ya kama ni na kai shi zauren gidana na kwatas na shimfiɗa masa tabarma. Maiɗakina tana kai masa kunu da goyo a bayanta. Ɗiyarmu a lokacin watanta bakwai.

Ranar ta uku wata tsohuwa cikin masu dafa abinci ta shigo gaishe shi. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Malam, wanga ɗa ba masassarar sauro ta ba, dubi idanunai. Baƙon dauro na." Na yi murmushi irin na mai takarda, na ce Inna ai na gwada. Washegari ƙuraje suka feso ta bayan kunne, suka sauko fuska, suka bi jiki. Ƙyanda.

Abin da ban sani ba a ranar, kuma nake son kowane mai riƙe da mukullin nan ya haddace, shi ne mai ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, ya ci gaba har kwana 4 bayan fitarsu. Ƙwayar kan daɗe a iskar ɗaki har wajen awa 2 bayan mai ita ya fita. Cikin mutum 10 da ba su da rigakafi, kusan 9 za su kamu idan suka zauna kusa da shi. Allurar farko kuwa sai jariri ya kai wata 9 ake yi masa, ta biyu a wata 15. Wato ni da hannuna na ɗauko cuta mafi saurin yaɗuwa na ajiye ta taku biyar daga jaririyar da ba ta isa allura ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta fara zazzabi, ciwon ya sauka ƙirji, muka yi fiye da mako a asibiti a Birnin Kebbi ina kallon haƙarƙarinta na shiga da fita. Allah ya tashi kafaɗarta. Uwarta ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, kuma shirun nan ya fi zagi zafi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma na san akwai ma'aikatan jinya da ke ganin na cika tsanani. Zazzabi ya haɗu da tari da jan ido da majina, yaro zai kwana shi kaɗai ko gwajin maleriya ya nuna me. Zan ba shi maganin maleriyar, amma a ɗakin killacewa zai sha. Sannan a ranar zan kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da shi, kuma abin kunya ne a ce kai ne malamin lafiya amma ba ka da lambarsa. Shi zai ɗebi jini a tura ɗakin gwaji a tabbatar, shi zai san inda za a samo bitamin A da ake bai wa mai ƙyanda don kare ido da rage tsananin ciwon. Kada ka taɓa kai yaro mai zazzabi gidanka. Tausayin da zai kwantar da naka ɗan a asibiti, ka nemi wata hanyar nuna shi.

Na biyu da ke sa ni ɗaga murya shi ne mayar da takardar gwaji laya. Wannan korona ce ta koya mana shi. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan ajin ƙarshe suka dawo ranar 4 ga Agusta don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran azuzuwa suka biyo baya daga baya. Muka tsaya bakin get da na'ura kamar bindiga muna ɗora wa yara a goshi. Wanda ta nuna ƙasa da 37.5 ya wuce, mu kuma mu ji mun yi aiki. Yaron da ya sha rana a bayan a-kori-kura daga Bagudo sai na'ura ta ce yana ƙuna, wanda uwarsa ta ba shi farasitamol a tasha don kada a mayar da shi kuwa sai ya wuce yana murmushi. Da sanyin safiya ma takan ba da lambar da in gaskiya ce sai dai a nemo likkafani. Ga shi kuma yara da yawa suna ɗauke da korona ba tare da zazzabi ko kaɗan ba.

Wani abokin aikina ya je aka yi masa gwaji kafin a buɗe makaranta, sakamako ya ce ba shi da ita. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Bayan mako biyu yana tari kamar zai amayar da huhu, na ce ya koma gida ya kwanta, sai ya zaro takarda ya nuna mini, wai ai an gwada shi. Haba Malam! Tsakanin ranar gwajin da yau ka je biki a Jega, ka je kasuwa, ka shiga mota mutum bakwai a ƙaramar mota. Gwaji labarin ranar da aka ɗebi samfur kawai yake bayarwa.

Irin wannan kuskuren yana da ƙane, wato gaggawar gwaji. An gano wani yana da cuta yau, gobe da sassafe a jera 'yan ɗakinsu a gwada, kowa ya fito ba komai, a sake su cikin jama'a. Korona takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, kuma a kwana ɗaya ko biyu na farko ƙwayar ba ta yi yawan da gwaji zai gan ta ba. A lokacin korona ni nakan jira kwana biyar, kuma idan gwajin gaggawa ne, irin mai fitowa cikin minti 15 zuwa 30, nakan maimaita bayan kwana biyu ga duk mai alamun ciwo. A tsakanin nan 'yan ɗakin suna cin abinci a wuri ɗaya su kaɗai, suna zama gefe guda a aji. Sai kuma akasin haka: firinsifal ya ce wanda ya warke ba zai dawo ba sai gwajin PCR, wato wanda ake yi a ɗakin gwaji, ya nuna babu. Wannan gwajin kan ci gaba da tsintar ɓurɓushin ƙwayar makonni bayan mutum ya daina yaɗa ta. Na ga an hana wani mai gadi aiki kusan wata guda a kan haka, mutumin yana noma gonarsa garau.

Yanzu bari in juyo kan shugabannin makarantu, don laifin nan nasu ne. Da an ce yara biyar sun kwanta, abin da ke zuwa ransu shi ne a kira iyaye kowa ya kwashi nasa, kada wani ya mutu a hannunmu. Sai a zuba yaro mai ƙarambau a motar haya zuwa Zuru, awanni yana numfashi tsakanin mai ciki da mai goyo, ya isa gida mai yara goma sha biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, sai dai ba kai ka faɗa ba, mutanen da ba su ji ba su gani ba ka jefa. Na taɓa ce wa wani shugabana, "Ranka ya daɗe, hadisin annoba da muke karanta wa yaran nan fa, wanda ya ce idan ta faɗa wa ƙasa kuna cikinta kada ku fita, ba a ce ban da makarantar kwana ba." Bai ji daɗi ba, amma ya ba ni aji ɗaya da babu kowa na mayar ɗakin killacewa. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, asibiti za a kai shi kai tsaye, a sanar da iyaye su same shi a can. Wuya ya sanƙare, numfashi na sama-sama, jijjiga, jini daga hanci ko dasashi, ko zazzabin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu, waɗannan ba a kwana da su. Irin sanƙarau da ke yi mana annoba ba bairas ke kawo shi ba, bakteriya ce, mutanen Zamfara ba su manta 2017 ba, kuma yana kisa cikin yini ɗaya. Zazzabin da ya ƙi magani kuma ka tuna da Lassa, musamman a rani, ka leƙa sito ka ga abin da kusu ke yi wa buhunan gari.

Su ma ma'aikata ana mantawa da su kamar ba jiki gare su ba. Ana ta auna ɗalibai, alhali masu dafa abinci da masu gadi da malaman da ke kwana a gari su ne ke fita su dawo kullum. Kuku ba za ta ce ba ta da lafiya ba idan ta san za a yanke mata kuɗin yini. Sai da na sa aka yi alkawari a gaban kowa cewa kwanakin jinya ba za a taɓa kuɗin kowa ba, sannan suka fara faɗa mini gaskiya.

Sauran ƙanana ne, amma ga su. Kafso ba ya kashe bairas, ka daina rabawa mai mura kamar alewa. Kada ka bai wa yaro mai ƙarambau asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ba ya komawa aji sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Bokiti mai famfo a ƙofar aji ba ruwa ba sabulu kayan ado ne na ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata. Idan afolo ya shigo, a hana aron tawul da kwalli, kuma a hana ɗiga ruwan sukari ko wani haɗi a ido. Feshin harabar makaranta da ake ɗaukar hoto ana yi, da kuɗin sabulu aka saya da ya fi. Kada a kira sunan mai ciwo a asambuli, gobe ba wanda zai sake kawo kansa. Tagogin ɗakin kwana kuwa har yau faɗa nake yi da yara a kansu, su suna rufewa saboda sanyi, ni ina bi da tocila ƙarfe goma na dare ina buɗe na sama, in ce a ƙara bargo.

Abin da na fi dogara da shi bai kai kuɗin kwalin farasitamol ba. Littafi ne mai bango mai kauri. Makonni uku na farko bayan kowane hutu, shugabannin ɗakuna suna kawo mini sunan duk wanda bai tashi sallar Asuba ba saboda jiki. Nakan rubuta ɗakinsa, da wanda ke kwana kusa da shi, da garin da ya yi hutu, da ranar da zazzabin ya fara, wadda sau da yawa ta riga ranar da ya zo wurina da kwana biyu. Na zaɓi makonni uku ne saboda ƙarambau da Lassa duk suna iya kaiwa kwana 21 kafin su fito. Idan mutum uku daga ɗaki ɗaya suka zo da alamu iri ɗaya cikin mako guda, ina kiran jami'in ƙaramar hukuma ko firinsifal ya so ko bai so ba. Ukun nan lissafina ne, wasu suna jira ya fi haka. A shafin farko kuma akwai jerin 'yan aji ɗaya da iyayensu suka ce ba a taɓa yi musu allurar ƙyanda ba ko katin ya ɓace. Ranar kawo yara nake tambaya, ina zaune kan benci kusa da mai karɓar kuɗin makaranta, tun kafin uban yaro ya tada babur.