Kurakuran da ke karya waƙar itatuwa

Yawancin masu fara rubuta waƙar karkara suna ƙirga gaɓoɓi da yatsa, su ɗauka kari ya tsaya. A nan matsalar take farawa, domin karin waƙar Hausa nauyin gaɓa yake bi, ba yawanta kaɗai ba, kuma rubutunmu na boko ba ya nuna dogon wasali. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi; mai sauƙi kuwa da gajeren wasali take ƙarewa.

Ɗauki tsamiya da giginya. Kowacce gaɓa uku ce, amma tsamiya tana tafiya da nauyi, sauƙi, nauyi, wato fa'ilun a ma'aunin waƙa na Larabci, ƙafar da ake maimaitawa a karin da ake kira Mutadarak. Giginya kuwa sauƙi, nauyi, nauyi ce, fa'ulun, ƙafar Mutaƙarab. Idan ka cire ɗaya ka sa ɗaya a gurbinta, ɗangon, wato layin waƙar, zai yi ɗingishi ko da ma'ana ba ta taɓu ba. Ɗorawa ce za ta zauna daram a mazaunin tsamiya. Maganin shi ne rerawa: ka rera kowane ɗango da murya ɗaya, duk inda ka ji kana jan wasali ko haɗiye shi don ya shiga, wurin na buƙatar gyara.

Sai amsa-amo, wato sautin da ɗangogi ke ƙarewa da shi. Da yake sunayen itatuwa da yawa suna ƙarewa da "ya" ko "wa", marubuci kan sami sauƙin da ke cutar da shi, ya riƙa cusa "kuwa" a ƙarshen ɗango don cike gurbi. Mai sauraro yana ganewa nan take. Gara ka juya jimlar gaba ɗaya. A ƙwar biyar kuma, wato waƙar da kowane baitinta ke da ɗango biyar, ɗango huɗu na farko suna iya sauya amsa-amo daga baiti zuwa baiti, amma na biyar dole ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshe. Zaɓe shi kafin ka fara, ka tabbata kana da isassun kalmomi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsari. Baiti ɗaya kuka, na gaba kanya, na gaba marke, kowacce "mai inuwa, mai albarka". Wannan lissafi ne kawai, ba waƙa ba. Zaɓi itace ɗaya ko biyu, ka bi su daga rani zuwa damina, ko daga hantsi zuwa lokacin da garke ke komawa, kowane baiti ya matsa gaba da wani abu.

Kuma ka kalli itacen da idonka. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Wanda ya ba shi lullumi a tsakiyar damina, makiyayi zai gane kuskurensa tun kafin ya kai ƙarshen baitin.