Yadda ake sauraron Glenn Gould yana kaɗa Bach

Masu son kiɗan fiyano sun daɗe suna yabon faifan da Glenn Gould, ɗan ƙasar Kanada, ya naɗa a birnin New York a watan Yunin 1955, lokacin yana da shekara 22, inda ya kaɗa aikin Johann Sebastian Bach, mawallafin kiɗa ɗan Jamus, da aka fi sani da Sauye-sauyen Goldberg. Amma wanda ya kunna faifan ba tare da shiri ba, sau da yawa gudun yatsu kawai yake ji, ya rasa abin da ake ta yabawa. Gyaran wannan matsala yana cikin sanin inda ya kamata a ajiye kunne.

Da farko ka san tsarin aikin. An buga shi a Jamus a 1741, kuma ya ƙunshi wani zubi mai sanyi da ake kira Ariya, sai sauye-sauye 30, sannan a maimaita Ariyar a ƙarshe, wato guntaye 32 ke nan. Akwai labarin da ake yaɗawa cewa wani jakadan Rasha mai fama da rashin barci ne ya sa aka rubuta shi domin yaronsa Goldberg ya riƙa kaɗa masa da dare, sai dai masana da yawa suna shakkar labarin, ganin cewa yaron bai wuce shekara 14 ba a lokacin.

Ka nemi iyafis mai kyau, domin sifikar waya tana cinye amon ƙasa, alhali a can ne asirin yake. Ka kunna Ariyar ita kaɗai sau biyu ko uku, kana watsar da zaƙin da hannun dama yake fitarwa, kana bin hannun hagu. Za ka ji amo mai kauri yana sauka a hankali, mataki huɗu a jere, kafin ya juya ya koma inda ya taso. Wannan tafiya ta ƙasa, mai gaɓa 32 da aka raba gida biyu, ita ce Bach ya riƙe daga farko har ƙarshe, kamar harsashin gini guda da aka ɗora wa ɗakuna talatin, kowanne da fasalinsa. Waƙar da ke sama kuwa ba za ka ƙara jin ta ba sai an zo rufewa, don haka wanda ya zauna jiran dawowarta zai ɓata lokacinsa.

Bayan kunnenka ya kama wannan, sai ka koma kan muryoyi, wato layukan waƙa da yatsu ke kaɗawa, kuma a nan ya fi dacewa ka daɗe, domin a nan Gould ya sha gaban takwarorinsa. Bach yana rubuta muryoyi biyu ko uku da ke tafiya lokaci guda, kowacce da nata zancen, babu wadda take yi wa wata rakiya kawai. Duk sauyi na uku-uku, wato na 3, na 6, na 9, har zuwa na 27, ana kiransa kanon: murya ɗaya ta fara magana, ta biyu ta shigo bayanta da zance iri ɗaya tun ta farkon ba ta gama ba. A na 3 muryoyin biyu suna farawa daga amo ɗaya, a na 6 tazarar ta zama mataki ɗaya, haka take ta buɗewa har zuwa na 27. A na 12 da na 15 kuma murya ta biyu tana kifar da zancen, inda ta farko ta hau ita sai ta sauka. Ka zaɓi na 18, wanda a ganina ya fi sauƙin bi, ka saurare shi sau uku, kowane karo kana bin murya ɗaya tak. Gould yana sauƙaƙa wannan aiki saboda da wuya ya taka fedar da ke sa amo ya yi ta rugugi, kuma yana tsinke sautuka ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kowace murya take fitowa sarai.

Idan ka ji wani yana gunji can ƙasa, kada ka zargi iyafis ɗinka, domin Gould ne yake rera abin da yake kaɗawa, ɗabi'ar da injiniyoyin naɗar sauti suka yi ta fama da ita ba su iya kawar da ita ba. Wasu tana ba su haushi. Ni dai ina ganin tana da amfani ga mai koyo, don tana nuna muryar da hankalin makaɗin yake kai a wannan lokaci.

Daga nan sai ka kwatanta naɗe-naɗensa biyu. Gould ya daina kiɗa a gaban jama'a tun 1964, ya koma ɗakin naɗar sauti kaɗai, kuma a 1981 ya sake naɗar wannan aiki a ɗakin da ya yi na farko, kafin ya rasu a Toronto a watan Oktoban 1982 yana da shekara 50. Na 1955 kimanin minti 38 ne, ba ya maimaita sassan da Bach ya ce a maimaita, kuma yana da zafin ƙuruciya. Na 1981 ya kai minti 51, Ariyar tana tafiya a natse, kuma ya ɗaure saurin kowane sauyi da na wanda ya gabace shi. Shawarata ita ce ka fara da na 1981, duk da cewa na farkon ne ya yi masa suna, domin natsuwarsa tana ba kunne damar bin hannun hagu. Akwai bidiyon wannan naɗi, inda za ka gan shi duƙe a kan gajeriyar kujerar da mahaifinsa ya gyara masa, fuskarsa dab da madannai.

Kada ka tilasta wa kanka shanye aikin a zama ɗaya tun farko. Sauyi na 16 yana buɗe rabi na biyu da ƙasaita irin ta kiɗan fadar Faransa, don haka bayan na 15 wuri ne mai kyau na hutawa. Ka ware wa na 25 lokacinsa daban: yana cikin guda uku da aka rubuta da amon juyayi, yana ɗaukar kusan minti shida, kuma shi ne gwajin haƙurin mai sauraro.

A ƙarshe ka tuna cewa Bach bai rubuta wannan aiki don fiyano ba. Ya rubuta shi ne don hafsikod mai jerin madannai biyu, wanda ake tsinkar tsirkiyarsa maimakon a buge ta da guduma, kuma a kansa hannuwa suna wuce juna ba tare da karo ba. Ka nemi naɗin makaɗan hafsikod, kamar na Gustav Leonhardt, ko na Wanda Landowska na 1933, ka saurari sauyi na 20 a can, sannan ka koma ka ji yadda Gould yake tsallakar da hannu kan hannu a jeri guda. Idan kuma kana son jin aikin da duk maimaicinsa a fiyano, naɗin Murray Perahia na 2000 ya haura minti 70.