Idan kina son aikin jinyar masu jego

Da na fara aiki a ɗakin masu jego, a zatona aikin ɗaukar jarirai ne da yi musu wasa. Dutin dare na farko ya cire min wannan tunanin. Wata mata da ta haihu lafiya lau da yamma ta kira ni ƙasa-ƙasa, ta ce, "Sista, jiri nake ji." Na yaye mayafinta, sai ga shimfiɗa ta jiƙe sharkaf. Babbar nas ɗin da nake tare da ita ba ta ce uffan ba, ta kama hannuna ta ɗora a marar matar. Mahaifa ta saki, luɓus. Muka murza, aka sa mata robar fitsari, aka yi mata allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, sannan jinin ya lafa. Mafitsara ce ta cika ta hana mahaifar tsukewa.

Batun takarda ba shi da tsawo. Ki shiga makarantar jinya ko ta ungozoma wadda hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarki ta amince da ita, kuma ki bincika wannan tun kafin ki biya kuɗin makaranta. Ki ci jarrabawar lasisi, ki riƙa sabunta shi. Lokacin da ake tura ɗalibai asibiti, ki nace a kai ki ɗakin haihuwa da na masu jego. Ni dai ba na son sabuwar nas ta fara da jinyar gida ita kaɗai. Ki yi shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin wadda ta fi ki, hannunki ya faɗa tukuna.

Akwai alƙaluman da ya kamata su zauna miki a ka. Jinin da ya kai mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa zubar jini ne mai haɗari, shi ya sa a awannin farko ake duba mara da audugar mai jego duk minti 15. Hawan jini 140/90 da ciwon kai ko gani dishi-dishi, ki kira likita, don jijjiga tana zuwa ko bayan an haihu. Zafin jiki digiri 38 da jinin biƙi mai wari, ciwo ya shiga mahaifa ke nan. Jariri kuwa a sa shi a nono cikin awa ta farko ya sha dakashi, a jinkirta masa wanka har awa 24, ki duba idonsa a hasken rana ko shawara ta kama shi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne koyon sauraro. Kukan da mai jego kan yi a kwanakin farko yakan wuce da kansa. Amma wadda ta haura mako biyu ba barci, ba walwala, ba ta ko son kallon ɗanta, tana buƙatar likita. Ba za ta faɗa miki a gaban 'yan barka ba, sai kin ja labule kin zauna a bakin gadonta.

Ranar sallama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake duba uwa da ɗa a kwana na 3 da haihuwa, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na 6. Nakan rubuta ranakun a bayan katinta, in sa ta maimaita min su kafin ta ɗauki jakarta.