Harafin "s" da ke kayar da yaranmu: kurakuran sababbin malaman Turanci

Duk shekara sai an turo mana sababbin malaman Turanci nan Garwa, a arewacin Kamaru, duk shekara kuma sai na ga sun faɗa ramin da na taɓa faɗawa. Bakina ya gaji da maimaitawa a ɗakin malamai, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ka tsaya gaban allo ka ce wa yara "s alamar jam'i ce", ka yi shiru daga nan. A kan suna gaskiya ne: "boy", "boys". A kan aikatau kuwa abin juyawa yake yi: "the boy plays", "the boys play". Na yi wannan kuskure a shekarata ta farko da 'yan aji 3e, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, masu shirin BEPC, jarrabawar kammala ta. Na cika allo da jadawali irin wanda aka koya mana Faransanci da shi, yara suka haddace tsaf, suna rerawa kamar karatun allo. Da aka yi jarrabawar gwaji, takarda bayan takarda "the boys plays". Wata yarinya ta ce mini, "Malam, ai kai ka ce in suna da yawa a sa s." Gaskiyarta. A Faransanci "les garçons jouent", suna da aikatau duk sun ɗauki alamar jam'i, to don me za ta zaci Turanci ya bambanta? Saura wata biyu jarrabawa, kuma ni na dasa musu kuskuren da hannuna. Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu ce musu nake yi: s ɗin nan buta ɗaya ce a gida, in tana hannun suna ba ta hannun aikatau. Sai wannan ya zauna nake kawo "children play" da "people play", inda jam'in ba shi da s.

Kuskure na biyu, a nan ma laifinmu ne mu malamai. Faransanci ya saba wa yaro da haɗiye s ta ƙarshen kalma, mu ma da muka yi karatu da shi haɗiyewa muke yi. Kana cewa "he go" da bakinka tun daga Satumba, sannan ka ɗauki jan biro ka zabtare wa yaro maki don bai rubuta abin da bai taɓa jin ka furta ba? Haba malam! Gyara harshenka tukuna. Ni minti biyar na farkon darasi na baki ne kawai: na nuna ɗalibi ɗaya, aji ya ce "Aminu walks", na nuna biyu, su ce "they walk", har sai na ji sautin daga bencin baya.

Wasu malaman kuma sun haramta Hausa da Fulatanci a aji. Ban yarda da wannan ba. Yaron da ya rubuta "Musa he goes" Hausarsa ya bi, don mu "Musa yana zuwa" muke cewa, wakilin suna kan biyo bayan suna. Nuna masa haka, sau ɗaya ya isa. Hausar ma taimako take yi: "kowa ya zo" muke cewa, haka "everybody is". "'Yan sanda sun zo", haka "the police are", alhali "la police est" na Faransanci ɓatar da shi zai yi.

Sauran ƙanana ne. "Akwai" da "il y a" na Faransanci ba sa canjawa, don haka ka dage kan "there is" da "there are". In "does" ya shigo, ya riga ya karɓi s, ba a cewa "does he goes". "News" tilo ne, "trousers" jam'i ne ko da wando ɗaya ne. A "one of my friends is", aikatau "one" yake bi, ba kalmar da ke kusa da shi ba.

Wajen duba takarda kuma na daina rubuta wa yaro amsa. Layi nake ja a ƙarƙashin aikatau, in mayar masa, ya nemo mai aikin da kansa ya gaya mini ɗaya ne ko da yawa.