Kalmar "cheers" a bakin mutanen Ingila

'Yan'uwa masu shirin tafiya Ingila karatu, ku lura da kalmar "cheers", domin kullum za ku ji ta a kanti da cikin bas. An fi saninta a matsayin fatan alheri yayin ɗaga kofin abin sha, shi ya sa wasunmu ke ɗauka ta mashaya giya ce kawai, alhali ɗan Ingila yakan faɗe ta da nufin godiya idan ka riƙe masa ƙofa, ko da nufin sallama. A Amurka kuwa, galibi a ma'anar farko ta tsaya. Shawarata ita ce ku faɗe ta tsakanin abokai, amma a takardar neman aiki ku rubuta cikakkiyar godiya.